Ramin da Kafinta Ya Toshe

Da yamma liƙis ruwan ya ɗauke, bayan ya kwana uku yana zuba ba ji ba gani. Uwar Biyu ta yafa mayafi ta fita aron tiyo.

Ba nisa, gangara ɗaya ce zuwa rumfar mai wankin mota. Sai dai hanyar duk ta zama taɓo, sandunan wuta biyu sun kwanta a gefe, wayoyinsu sun zube cikin kwata. Tun daren farko aka ɗauke wuta, kuma ba mai sa ran ganinta a satin.

"Ɗakin ƙasan naku ne ya cika?" in ji mai wankin motar, yana nannaɗe mata tiyon. "Ina injin jan ruwanku?"

"Da me zai tashi? Janaretan ma yana can ciki, ruwa ya shanye shi. Tun safe muke kwasa da bokiti, kafaɗata kamar ba a jikina take ba. Ko taki ɗaya bai ragu ba."

"Haba, bokiti! Ai sai ku shekara. Ki ji, ba sai da wuta ba. Gidanku a kan tudu yake. Ku tsoma baki ɗaya cikin ruwan, ku ɗaura masa dutse ya nutse. Ɗaya bakin ku fitar ta taga, ku gangaro da shi har kwatar da ke bayan gida, inda ya fi ɗakin ƙasa. Sai wani ya sa baki ya zuƙa. Da ruwan ya taho shi ke nan, da kansa zai yi ta zuba."

Ta yi godiya, ta saɓa tiyon a kafaɗa ta hau tudu. Yana da nauyi, yana warin sabulu da roba.

Mijinta kafinta ne, kuma Kafinta kowa ke ce masa. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. In ya haɗa maka ƙofa, jikokinka ma za su buɗe ta. Amma zuciya, wallahi ko ƙusar da yake bugawa ta fi ta laushi. Ɗakin ƙasan nan shi ne wurin aikinsa: matakala goma sha biyu, ƙaramar taga mai ƙarafa can sama kusa da matakalar, katakai jere a jikin bango.

Can kuma ya ajiye mahaifinta.

Shekara biyu ke nan da Baba ya dawo hannunsu, bayan asma ta ci ƙarfinsa. Sati ɗaya ya yi a ɗakin sama. Kafinta ya ce tarin tsohon yana hana shi barci, yana tada tagwaye, yana kore masa baƙi. Ya ɗauki katifar da hannunsa ya jefa ta ƙasa. Mai ciwon ƙirji, a cikin garin katako! Uwar Biyu ta yi kuka har ta gode Allah. Baba ya ce ta bari, shi ko'ina aka ajiye shi ya gode.

A kusurwar ɗakin akwai wani rami, faɗinsa bai wuce murfin tukunya ba. Tun kafin su sayi gidan yake nan. In damshi ya taru, ta nan yake tsiyayewa ya tafi inda Allah ya sani. Wata iska mai sanyi kan fito daga cikinsa, ta koma, ta sake fitowa. Baba ya matsa da katifarsa kusa da shi. Kullum da yamma sai ya ce, "Sannu, maƙwabci," kamar mai gaida mutum a ƙofar gida.

Kwana arba'in da suka wuce Kafinta ya ce damshin ramin yana lanƙwasa masa katako. Ya kwaɓa siminti. Baba ya riƙe masa hannun riga.

"Kada ka rufe. Akwai mai shan iska ta nan."

"Cika ni, tsoho. Tsufa ya fara taɓa maka kai."

Ya cika ramin dam, ya shafe, har ya taka da ƙafa don ya zauna. Tun daga ranar Baba ya fara zubewa, wuyansa ya zama kamar na kaza. In ta sauko masa da abinci takan tarar da shi ya juya wa ƙofa baya, yana raɗa, "Ka yi haƙuri. Ba zan faɗa ba." Ta ɗauka tsufan ne da gaske.

Daren da ruwan ya shigo, ita ta goyo shi ta hau da shi, ta shimfiɗa masa a kicin. Kafinta bai ko tambaya ba. Katakansa yake ta ambato.

Yanzu yana tsaye a bakin matakalar, ya naɗe ƙafar wando, fuskar nan kamar an aiko masa da mutuwa. Ta faɗa masa yadda mai wankin mota ya ce. Kafinta ya zura tiyon ta tagar, ya jefa sauran bayan gida, sannan ya leƙa ƙasa. Matakala bakwai ruwan ya cinye. Baƙi ƙirin, garin katako ya yi masa lulluɓi.

"Bari in nemo dutse," in ji ta.

"Dutsen me? Garin nan zai toshe bakin kafin a ce me. Hannu ake so, mai riƙewa yana sharewa." Ya juya wajen kicin. "Tsoho! Taso."

Ta juyo gare shi.

"Baban Biyu, don Allah. Ni zan shiga."

"Ke za ki tsaya a matakala ki ɗaga tiyon a wajen taga, kada ya karye a jikin ƙarfe. Shi hannunsa na rawa, ba zai iya ba."

"Ruwan nan kamar ƙanƙara yake. Ƙirjinsa ba zai ɗauka ba, kashe shi zai yi."

"Shekara biyu yana cin abincina, yana shaƙar iskar gidana. Yau ɗaya ya yi mini rana." Ya nuna ƙofar waje da haɓa. "Ko ya shiga ruwan, ko ya kwana a titi. Ki zaɓar masa."

Maganar garin katako duk ƙarya ce, ita ma ta sani. Da tsumma aka ɗaura a bakin tiyon da ya wadatar. Mugunta ce kawai ta motsa masa, irin ta mutumin da aka yi wa hasara yana neman wanda zai huce a kansa.

Baba ya fito yana dafa bango. Ya cire hularsa ya miƙa mata, ya ce ta ajiye masa kada ta jiƙe. Bai kalli surukin nasa ba.

"Wannan ba ruwan sama ba ne," ya ce a hankali.

"To na ƙasa ne. Shiga, malam, duhu na yi."

Kafinta ya zagaya bayan gida. Ta ji takunsa a cikin taɓo yana gangarawa, har ya ɓace.

Ta tsaya a matakala ta huɗu, hannu ɗaya a sama riƙe da tiyon, ɗaya riƙe da tocila. Baba ya wuce ta. Ruwan ya kama idon sawunsa, ya kama gwiwa, ya kama ƙugu. Da ya taka ƙasa sai ya tsaya masa a ƙirji. Ta ji numfashinsa ya sarƙe, ya fara wannan fito na masu asma, siriri, kamar iska a ramin makulli.

"Baba, tsaya nan kusa da ni."

"Can kusurwa ya fi zurfi, uwata. In ba can ba, ba zai kwashe duka ba, gobe ma ya sake sa ni."

Ya kutsa, yana ture katakan da ke yawo. Hasken tocilar ya bi ƙeyarsa.

Sai a lokacin ta kula da warin. Tun safe warin kwata take ji, da na jiƙaƙƙen katako, da na man janareta. Yanzu duk sun kau. Wani wari ne mai ɗumi, irin na bakin mutumin da ya daɗe bai yi magana ba.

Daga waje muryar Kafinta ta taso, can ƙasa-ƙasa.

"Ya nutsa shi?"

"Ya nutsa!"

Tiyon ya motsa a tafinta. Kafinta ya zuƙa. Ya tsaya. Ya sake zuƙa. Ta ji yana tofar da yawu yana zagi.

Ta haska matakala. Ruwan ya sauka taki ɗaya.

Har ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi, sai ya dawo. Ya hau takin da ya bari, ya ƙara rabin wani. Ya sake sauka. Ya sake hawa.

Ba tiyon ke jan sa ba. Ruwan numfashi yake yi.

Ta mayar da hasken kan Baba. Yana tsaye a kusurwa, hannu biyu cikin ruwa, kansa a sunkuye. Ya yi tari sau biyu.

Wani ya yi tari sau biyu.

Daga ƙarƙashin ruwan ya fito. Kumfa ta taso a gaban Baba, manya-manya, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, maƙwabci," in ji Baba.

Ɗigon ruwa daga rufi. Can nesa wani kare ya fara haushi ya fasa.

"Wa ya rufe?"

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Raɗa ce, a jiƙe, kamar mai magana da ruwa a baki. Amma ta ji ta a cikin haƙoranta.

"Ka yi haƙuri," in ji Baba.

"Kwana arba'in ban shaƙa ba. Wa ya rufe?"

"Za a buɗe maka. Ni da kaina zan fasa."

"Wa?"

"Ba zan faɗa ba."

Ruwan ya ja dogon numfashi. Katakai suka gwaru da juna. Ruwan ya hau kafaɗar Baba, ya tsaya a wuyansa.

Ta so ta yi ihu, muryar ta ƙi fita. Ta so ta sauka, ƙafafun suka ƙi. Hannunta na sama ya sandare a jikin tiyon kamar an buga shi da ƙusa.

"To ba ni naka numfashin," in ji muryar.

Fiton ƙirjin Baba ya tsaya cak.

Bakinsa a buɗe. Idanunsa sun firfito. Yana ja, ba abin da ke shiga. A bayansa garin katakon ya dare biyu, wani abu ya taso a hankali. Ba ta ga fuska ba. Ta ga dai yatsu, dogaye, farare fat kamar na wanda ya kwana yana wanki. Suka dafa kafaɗar tsohon, a hankali, yadda ake dafa aboki.

Ruwan ya taɓa haɓarsa.

"Me kuke yi ne a ciki?" Kafinta ya daka tsawa daga waje. "Ko tsohon banzan ya saki? Wallahi in na hawo sai ya raina kansa!"

Baba ya ɗago ido ya dube ta. Ya gane abin da ke ranta. Ya girgiza kai, sau ɗaya, ruwan na shiga bakinsa.

Yatsun suka tsaya. Abin ya juyo wajen hasken.

"Ke," in ji shi. "Wa ya rufe?"

Ba za a ce ta ruɗe ba. Daga baya ta so ta gaya wa kanta haka, amma ƙarya ne. Hankalinta ɗaya. Ta tuna katifar da aka jefa ƙasa. Ta tuna hular da ke soke a ƙugunta. Muryarta ta dawo, a sanyaye, ko rawa ba ta yi.

"Yana waje. Tiyon na bakinsa."

Yatsun suka saki kafaɗar Baba. Suka nutse.

Baba ya ja iska da wata irin ƙara, kamar an yage ƙyalle.

Tiyon ya yi sanyi a hannunta. Sannan ya kumbura. Wani abu ya shige ta cikinsa, ta ji wucewarsa a tafinta gaɓa-gaɓa, mai tsawo, ba ya ƙarewa. Ya bi ta taga ya gangara.

A waje Kafinta ya ja zuƙa mai ƙarfi.

"Yauwa! Ya taho..."

Bai ƙarasa ba.

Ba ihu. Da ma ihu ya yi, da ya fi sauƙin ji. Haɗiya kawai take ji. Ƙut. Ƙut. Ƙut. Da dukan ƙafa a cikin taɓo.

Ruwan ya fara sauka, taki bayan taki, da gudu. Ta saki tiyon, ta yar da tocilar, ta faɗa ciki. Ja yake yi kamar kogi, yana fizgar zanenta wajen kusurwa. Wani katako ya buge ta a haƙarƙari. Ta lalubo rigar Baba a cikin duhu, ta damƙe, ta ja. Ƙafarta ta zame, ta sha ruwa, ta tashi. Wani abu mai laushi ya shafi ƙaurinta, ya wuce, bai kama ba.

Da rarrafe suka hau. Ta tura ƙofar da ƙafa, ta kwanta a kan tayil tana haki, Baba na tari a jikinta. Tarin nan da aka kore shi saboda shi, ba ta taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Haɗiyar ba ta tsaya ba sai da duhu ya gama rufe gari.

Maƙwabta ne suka samo Kafinta. Yana zaune a bakin kwata, ya jingina da bango, tiyon a cinyarsa, idanu a buɗe. Da ransa. Ɗakin ƙasan ya bushe ƙaƙas, har garin katakon yana tashi in an taka. Amma inda bakin tiyon yake, ko cokali ɗaya bai zuba a ƙasa ba. Mai wankin mota ya haska kwatar, ya haska Kafinta, ya ja da baya yana salati.

Cikinsa bai kumbura ba, ko kaɗan. Sai dai maza shida ne suka taru kafin su iya ɗaga shi, kuma da suka ɗaga, kowa ya ji abin da ke kai da kawowa a ƙirjinsa, kamar an girgiza jarka.

An kai shi asibiti, an ɗauki hoto, likita ya ce huhunsa lafiya lau. Aka dawo da shi. Bai sake magana ba, bai sake riƙe zarto ba. Tari kawai yake yi, dare da rana, kowane tari da ruwa baƙi mai garin katako. Katifa ta ruɓe. Tagwaye suka daina barci.

A rana ta takwas Uwar Biyu ta naɗe katifar da hannunta, ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, ta jefa ta.

"Tarinsa yana tada yara," ta ce wa maƙwabtan da suka taya ta sauke shi.

Ta gyara wa Baba ɗakin sama. Sabon zanen gado, labule, taga mai shan iska. Ƙirjinsa ya washe, har ya fara cin abinci da kyau. Ta ce a ranta, ko ba komai ta tsamo shi.

Washegari ta shiga da shayi ta tarar ba kowa. Ta ji bugun guduma daga ƙasa.

Tana sauka ta gan shi durƙushe a kusurwa, ya fasa simintin, yana kwashe ɓaraguzan da hannu. Iskar nan mai sanyi ta fito, ta koma. Ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da katifar surukinsa. Kafinta na kwance, ido a rufi, ruwa na bin gefen bakinsa. Baba ya sa hannun riga ya share masa.

"Baba, me kake yi a nan? Ga ɗakinka can na gyara."

Bai juyo ba.

"Wani zai riƙa juya shi, kada ya shaƙe."

"Bayan duk abin da ya yi maka? Baba, kashe ka zai yi! Ba don ni ba da yanzu..."

"Na sani."

"To ka dube ni mana."

Ya ajiye gudumar. Ya dubi ramin ya yi magana, kuma ba faɗa a muryarsa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Kwana arba'in maƙwabcin nan yana tambayata, uwata. Yana zaune a kan ƙirjina yana tambayata. Ke sau ɗaya ya tambaye ki."

Ta tsaya da kofin shayin har ya huce a hannunta.

Baba ya ƙara shekara shida a duniya, duk a ɗakin ƙasan. Kullum ita ke sauko da abinci, kwano biyu. Takan ajiye a matakala ta huɗu, don daga nan ƙafarta ba ta ƙara yarda ta sauka ba. Yakan ce an gode, yadda ake ce wa baƙo. Da yamma, in ta zo ɗaukar kwanukan, tana jin sa yana gaida ramin, sannan ya gaida surukinsa.

Hular tana nan a cikin akwatinta. Bai taɓa tambayarta ba.